Ɗigon da Na Sa wa Baba a Taswira

Shekara uku ina gaya wa Inna, mahaifiyata, cewa kabarin Baba yana cikin wayata. Haka nake faɗa mata, ba ragi ba ƙari, kuma ko sau ɗaya ba ta yi mini dariya ba.

Ni malamin gona ne. Aikina a wancan lokacin shi ne in bi ƙauyukan ɓangaren Randagi a kan babur, in tsaya a gonar mutum, in zagaya iyakarta da waya a hannu, in sa mata ɗigo a taswira in rubuta sunan mai ita. A ofis aka koya mana. Aka ce kafin ka bar gari ka sauke taswirar yankin gaba ɗaya cikin wayarka, domin a daji babu sabis, amma waya tana gane inda take ko babu shi, tauraron ɗan Adam ne ke gaya mata. Aka kuma ja mana kunne a kan abu ɗaya. In ka buɗe taswira za ka ga shuɗiyar da'ira kewaye da kai, to kada ka sa ɗigo sai ka tsaya cak ta tsuke ta koma kamar ƙwayar wake. Na iya wannan aikin. Har wasu na koya wa, ina yi musu faɗa in sun yi gaggawa.

Baba kuwa tsiya yake yi mini. In ya ga na fito da waya ina juye-juye a tsakar gida, sai ya ce wa Inna, "Ki ba ɗanki hanya, gidan ubansa yake nema." Duk gonakin ƙauyenmu na sa musu ɗigo ban da tasa. Ya ce gonar da ya gada daga kakansa ba ɓata ta yi ba balle a nemo masa ita, ga ɗorawa nan tsaye a gefenta, ko makaho ya san wurin.

A gonar aka harbe shi. Da hantsi ne, damina ta yi nisa, ya je duba masara. Mutanen daji suka biyo ta wurin a kan babura. Ba mu san abin da ya haɗa su ba, ba mu kuma tambaya ba, don babu wanda za a tambaya. Kawu ne ya zo ya faɗa. Kawu ba ɗan'uwanmu na jini ba ne, maƙwabcin gonarmu ne, Gbagyi kuma Kirista, amma tun muna yara Kawu muke ce masa. Shi da Baba sun fi shekara talatin suna aron galma a tsakaninsu suna gardama a kan iyaka. Ya tsaya a ƙofar gida ya cire hula, ya ce mini, "Malam, ka zo da mutane."

Maƙabartar ƙauyenmu tana tsallaken rafi, ta ɓangaren daji, kuma a lokacin ba mai ƙetarawa. Liman ya ce a rufe shi a nan cikin gonarsa. Mu bakwai ne. Yayana yana Kaduna, hanya ba ta biyuwa. Muka haƙa da fatanya da diga ɗaya, kowa yana haƙa kunnensa yana wajen ƙarar babur. Ban yi kuka ba. Abin da na fi tunawa shi ne ƙaiƙayin ganyen masara a wuyana.

Da aka tura ƙasa aka ɗora ƙaya, liman ya ɗaga hannu, sai tunanin ɗigo ya faɗo mini. Mu ba ma gina kabari, ba ma rubuta suna. Tudun ƙasa ne kawai, damina biyu ta ishe shi ya baje. Na kuma san barin garin za mu yi. Wayar tana aljihun gaban rigata, ina jin nauyinta. Amma ka fito da waya a bakin kabarin ubanka, a gaban liman da dattawa, ana tsakiyar addu'a? Su ce me, hoto zai ɗauka? Kunya ta hana ni. Ana shafawa na zame kamar mai zuwa kama ruwa, na je bayan ɗorawa na ba su baya, na buɗe taswira. Da'irar ta fito da faɗi. Wani ya ce a yi sauri a watse. Ban jira ta tsuke ba, na danna, na rubuta "Baba", na mayar aljihu. Na ce a raina ai daga ɗorawa ana hango wurin. Kawu yana tsaye a gindin bishiyar, don nan ya koma da za a yi sallar gawa. Ya dube ni.

Bayan kwana biyu muka kwashe abin da babur zai iya ɗauka muka dawo cikin Birnin Gwari. Ɗaki biyu muka samu a gidan wani, a nan Inna ta yi takaba. Mutanen da muka haƙa kabarin tare suka watse, wasu suka nufi Kaduna, wasu Neja. Liman ya rasu a shekarar da ta biyo. Kawu ya sauka wajen 'yarsa a wata unguwa, ya koma yin acaba da tsufansa.

Akwai lokacin da aka katse sabis a yankinmu gaba ɗaya, wata da watanni. Wayoyin mutane suka koma tocila da rediyo. Tawa kuwa taswirarta tana nan daram, tunda a sauke take. Aiki ya tsaya, sai in zauna a ƙofar ɗaki bayan la'asar in yi ta jan taswirar da yatsa. Ga sunayen ƙauyuka nan reras, wanda aka ƙone da wanda aka gudu aka bari, duk rubutu iri ɗaya. Ga ɗigogin gonakin da na sa, kowanne da sunan mai shi. Wani na san ya mutu, wani na gan shi jiya yana tura baro a kasuwa. Ba na jin komai in ina kallo. Kallo kawai nake yi, kamar mai duba tsohuwar kalanda.

Wata rana Inna ta leƙo ta kafaɗata ta ce me nake kallo kullum. Na ce garinmu. Ta ce, "Babanku fa?" Na buɗe wurin da yatsu biyu na nuna mata jan ɗigon. Ta kai yatsa ta taɓa, taswirar ta zame gefe, ta janye hannu kamar ta taɓa tukunya a kan murhu.

"Na ture shi?"

"A'a Inna, yana nan inda yake."

Daga ranar ya zama al'ada. Duk Juma'a sai ta ce in nuna mata, ta riƙe wayar ta gefe-gefe da hannu biyu kada ta sake taɓa fuskar, ta yi addu'arta ta ba ni. A irin wannan zaman ne ta ce mini in tata ta zo mu kai ta kusa da shi. Na ce, "Inna, ai ba a haka. Inda mutum ya cika nan ake rufe shi." Ta ce ta sani, ta riga ni sani. Ta ce amma kowa yana kwance cikin mutane, shi an bar shi shi kaɗai a tsakiyar gona kamar mutum-mutumi. Ta ce, "Ai kana da wurin, ko?" Na ce ina da shi.

Ba zan ce ƙarya na shirya ba. Abin da ka faɗa sau ɗari yakan zauna maka. Ɗorawar ta fice mini a rai, jan ɗigon nan da sunan Baba a jikinsa shi ya rage.

Da aka ce an yi sulhu, kasuwa ta sake ci, motoci suka fara bin hanya, masu ƙarfin hali suka koma noma. Yayana ya ba wani mutumin ƙauyen gaba da namu aron gonar Baba, kada ta mutu. Ya kira ni daga Kaduna ya ce, "Ka tura masa wurin kabarin, kada ya huɗe da shanu." Ina cin abinci lokacin. Na goge hannu a jikin wando, na danna ɗigon na tura, na ci gaba da cin tuwona.

A daminar ne ƙafafun Inna suka fara kumburi. Ta ce tunda hanya ta buɗe in je in gano mata wurin, in ga ko ruwa ya ci shi. Na je rumfar masu caji da rana na zauna shirya tafiya. Manhajar ta ce taswirar da na sauke ta tsufa, in sabunta. Sai da na kwafe lambobin ɗigon a bayan takardar irin masara na cusa a aljihu, don tsoron kada sabuwar ta zo ta shafe mini uba. Ta gama sauka, na ce ta nuna mini hanya. Ta zana shuɗin layi mai kyau, ta ce awa ɗaya da minti ashirin.

Na nemo Kawu na nuna masa. Ya riƙe wayar nesa da ido, ya bi layin da farce, ya yi dariya.

"Wannan gada ya karye tun bara. Wannan kwana kuma, mutanen daji suna zaune a nan har yanzu. Malam, wayanka ya san hanya, amma bai san wanda yake zaune a kan hanya ba."

Shi ya tsara tafiyar. Mu fita da safe bayan 'yan kasuwa sun wuce, mu juyo kafin la'asar. In sa tsohuwar riga. Wayar kuma in kashe mata murya in ɓoye, domin in suka ga taswira a hannunka sai su ce aiko ka aka yi ka ɗauki wurin zamansu. Na naɗe ta a leda na tura cikin ƙullin garin rogo.

Awa uku muka yi. Muka bar kwalta muka shiga burtali, muka ratsa ƙauyukan da ba kwano ko ɗaya a kan ɗakunansu, ciyawa ta fi katanga tsawo. A wani wuri mangwaro ya zuba ya ruɓe har ƙwallon ya tsira. A gindin wata kaɗanya mun tarar da mutum huɗu da bindigogi a cinya suna shan shayi. Kawu ya rage gudu ya ce, "Sannunku da hutawa." Suka ce yauwa. Ni ma na ce sannunku. Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ban ji komai ba, sai fitsari da ya matse ni.

Sai da muka ƙetare rafin ƙarshe na ciro wayar, na kaɗe garin da ya manne mata. Mu ne shuɗin ɗigo a cikin fili fari fat, can nesa da layin da ta zana mana, tana ta rubuta mu juya baya. Jan ɗigon Baba yana matsowa a hankali.

Na ɗaga kai in nemi ɗorawa. Babu ita. Babu wata babbar bishiya ko ɗaya a wajen, masu gawayi sun bi sun share. Masara ce kawai, kore shar, daga nan har inda ido ya tsaya.

Mai aron gonar ya fito daga cikinta da murna, ya yi mana gaisuwa, ya ce mu biyo shi. Muka kutsa cikin masara ina bin sa ina kallon waya, shuɗi yana matsar ja, har suka haɗu. A daidai nan masarar ta buɗe. Ya bar fili mai tsawon mutum biyu bai huɗa ba. Ya nome ciyawar, ya tara ƙasa ya yi ɗan tudu a tsakiya, ya jera ƙaya a kai, har da fasasshiyar tukunya ta wajen kai. Ya ce da ya zo bai ga alamar komai ba, shanu sun tattake ko'ina, amma ya tsaya daidai inda wayar ta ce. Ya ce ko shanun huɗa bai bari sun matso ba. Na yi masa godiya sosai, har na riƙe hannunsa da hannu biyu.

Ya tafi karyo mana ɗanyar masara. Kawu ya tsuguna a gefen filin, ya tona ƙasa da yatsa, ya ɗebo ya nuna mini. Baƙa ce, da ɓurɓushin gawayi.

"Malam, nan ɗorawa ne."

Na dubi baƙar ƙasar da ke hannunsa.

"Nan na tsaya. Nan ka zo ka danna abinka. Babanka yana can." Ya nuna gabas, cikin masara.

"Na sani, Kawu."

Na sani ɗin, a lokacin da ya faɗa. Ya miƙe ya fara ƙirga taku, na bi shi. Ya yi talatin ya tsaya ya ce nan ne. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya ce ko kuwa gaba kaɗan. Ni kuma gani nake mun fi karkata kudu. Muka koma muka sake farowa, sai ya ce ai bai tabbata ta wane gefen bishiyar ya tsaya ba, ni kuma na tuna faɗin da'irar da ban jira ta tsuke ba. Muka yi ta bin layin masara muna danna ƙasa da dunduniya ko za mu ji inda ta fi taushi. Ko'ina ɗaya ne. Garma ta bi ta kai sau biyu, masarar wajen ba ta fi ta ko'ina tsawo ba, ba ta kuma gaza ba.

Na dawo filin da aka gyara na tsaya. Na ɗaga hannu na yi addu'a, ina ɗan juya fuska gabas-gabas don ta game gonar. Sannan na ɗauki hoton tudun.

Kawu ya ce, "Za ka gaya mata?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To."

Muka ci gasasshiyar masarar gonar a tsaye, don rana ta fara karkata. Tana da zaƙi.

Inna ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce, "An gyara masa wuri." Ta sa wa mai aron gonar albarka, ta sa wa yayana, ta sa mini. Ta ce ɗorawar fa, ba ta gan ta ba. Na ce an sare. Ta ce, "Allah sarki, babu inuwa ke nan." Daga ranar ta daina neman taswira, hoton take nema, kuma shi ba ta tsoron taɓa shi.

Da kaka ta yi Inna ta rasu, bayan sallar asuba, ba wani dogon jinya. Yayana ya iso kafin azahar. Maƙwabta sun riga sun tura a haƙa a maƙabartar gari, ya ce a dakata, akwai wasiyya. Wani dattijo ya ce wahala ce kawai, ƙasa duk ta Allah ce. Da na ce haka ne, da magana ta ƙare a nan. Yayana ya juyo ya ce, "Ai ka je ka gani da idonka, ko?" Na ce na je. Ya ce, "Akwai wuri a gefensa?" Na ce akwai.

Ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, aka samu a-kori-kura. Na zauna a baya na riƙe makara da hannu ɗaya kada ta yi ta zamewa a gargada. Kawu yana gaba a kan babur yana nuna wa direba hanya. Ban buɗe taswira ba. A wajen kaɗanyar nan ba kowa, sai tokar murhun shayi.

An girbe masara, gonar ta zama fili fetal sai guntayen kara. Tudun yana nan shi kaɗai da ƙayarsa, daga nesa ake hango shi. Direba ya shigo da motar cikin gonar ya tsaya inda ya ga dama, aka sauke makara aka ƙarasa da ita a kafaɗa. Yayana ya tsuguna a gaban tudun ya fashe da kuka, shi da bai samu jana'izar Baba ba. Na tsaya a bayansa ina kallon ƙeyarsa. Furfura ta fito masa, ban lura ba sai ranar.

Aka auna gefen tudun aka fara haƙa. Ba a yi kamu ɗaya ba diga ta daki saiwa. Aka matsa kaɗan, wata saiwar ce, kauri kamar cinyar mutum. Wani maƙwabcinmu na gari ya share gumi ya dube ni ya ce, "Kai, ku da kuka haƙa na farko kun sha aiki. Ya aka yi kuka ratsa wannan da fatanya?" Na ce Allah ne ya taimaka. Kawu ya karɓi gatari a hannun mai aron gonar, ya cire takalmi ya shiga ramin, ya yi ta sara har ya buɗe mata wuri. Bai ɗago ya dube ni ba. Da ya gama ya fito ya koma gefe, aka yi salla.

Aka sa ta, aka jera itace, aka tura ƙasa. Ana cikin addu'a na ciro wayar. Yayana ya zungure ni da gwiwar hannu, wani dattijo ya yi tsaki. Ban motsa ba. Na tsaya daidai wajen kanta ina kallon da'irar tana tsukewa a hankali, ta zama kamar faifai, ta zama kamar kwabo, ta zama kamar ƙwayar wake. Na danna, na rubuta "Inna". A taswira ɗigon biyu sun manne da juna, sai ka buɗe da yatsu sannan ka gane biyu ne.

Na ɗaga kai na ga Kawu ya nufi motar. Tana tsaye gabas da mu, kamar taku talatin, injinta a kunne, baƙin mai yana ɗiga ƙasa. Na bi shi. Ya ƙwanƙwasa ƙofar direba ya ce don Allah ya ɗan matsar da ita daga nan.

Direban ya leƙo ya ce, "In matsar zuwa ina, Baba?"

Kawu ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ya dube ni. Wayar tana hannuna a buɗe, direban yana jira, ban san inda zan nuna masa ba.